Shirun Inna Lula

Inna Lula Tooni ta mutu fiye da sau dubu kafin ta yi ta gaskiyar, kuma ni ce na ɗinka rigar da take mutuwa a ciki. Ƙanwar mahaifiyata ce. Kowace shekara, daga shigowar zafi har yara su koma makaranta, da rana ta faɗa bayan tsauni sai ta yafa bargo ta shiga layin mutanenmu a dandalin wasan da ke gefen gari. Sojoji su tasa su gaba da bindigogin katako, ta yi taku goma sha biyu, ta zube kusa da wani dutsen roba. 'Yan kallo su share hawaye, su ƙarasa guggurunsu, su koma motocinsu. Wasan labarin korar da aka yi wa ƙabilarmu ta Cherokee, 'yan asalin ƙasar nan, ne zuwa yamma, a ƙafa, cikin tsananin sanyi. Mu kuwa kakanninmu ɓuya suka yi a duwatsun nan ba su tafi ba, shi ya sa Inna kan ce, "Sojan gaske ya neme mu bai gan mu ba, ga shi ɗan jami'a a kayan soja yana korarmu kwana shida a mako."

Tana jaririya ta shiga wasan nan. Wata biyar gare ta aka naɗe ta a bargo, Kaka ta riƙe ta a layi. Ta girma ta zama yarinyar da ke jan akuya, ta zama matar da ke riƙe da goyon wata, har furfura ta fito aka ba ta faɗuwa. Shekara sittin da 'yan kai, ba a taɓa ba ta kalma ɗaya ta faɗa ba. A zamanin ƙuruciyarta ma manyan sarakunanmu yaran Turawa ne ke fitowa a matsayinsu, ita ce ke shafa musu jan fenti a bayan wuya inda hannunsu ba ya kaiwa. Na taɓa tambayarta ko abin bai ƙona mata rai ba. Ta ce, "Wanda ya ƙone shi ne yaron, fentin nan ƙaiƙayi gare shi."

Da sanyi kuma kwando take saƙawa da tsagin itace, ta kai kantin 'yan yawon buɗe ido. Ta yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Mijinta Baba Jess gyaran titi yake yi, ya rasu da wuri, 'ya'yansu biyu maza suka tafi aiki garuruwa masu nisa. Ba ta da surutu. Abin da take so a duniya bai wuce kofi mai ɗaci, da albasar daji soyayya da ƙwai, da rediyonta na kicin da ba ya barin tashar waƙoƙin kantiri, irin na Turawan karkara masu jita. Takan tsaya da wuƙa a hannu ta saurara, sannan ta ce, "Nelda, wai duk mazan Nashville, garin mawaƙan nan, matansu guduwa suke yi?"

Abu ɗaya take da shi wanda ba na sayarwa ba ne, ba kuma na nunawa ba. Waƙa ce ta matan ɗakinmu, daga uwa zuwa 'ya. Ba ta warkar da kowa. Rakiya ce: ana rera wa wanda ke kan gargara, don ya kama hanya ba tare da waiwaye ba. Kaka takan ce waƙar kamar zane ce, kowane kunne da ya ji ta ya zare mata zare ɗaya. Don haka mace sau uku take gamuwa da ita a rayuwa: ranar da aka koya mata, ranar da ta rera wa wani, da ranar da za a rera mata. Ban sani ba ko wasu gidaje na da irinta, ba a tambaya. Mahaifiyata a kan titi ta rasu, mota ta kife da ita, ba wanda ya rera mata komai. Har Inna ta tsufa ba ta daina cewa tana jin takun yayarta a barandar gida ba. Wannan ne kaɗai abin da na san tana tsoro, kada ita ma ta tafi ba rakiya.

Ba ta da 'ya mace, mu kuma ɗakin uwa muke bi, don haka waƙar ni take jira. Na yi ta zillewa. Yarenmu na kicin kawai na iya, sunan abinci da na faɗa. Sai shekarar da likita ya ce zuciyarta ta fara gajiya, ta shigo ɗakin ɗinki ta tsaya a kaina.

"Ranar Litinin ki ajiye allurar nan."

"Inna, wandunan sojoji takwas ne suka yage."

"Su kore mu tsirara. Litinin na ce."

A bakin ruwa ake koyar da ita, don ƙarar ruwa ta cinye abin da ya tsallake kunnen mai koyo. Akwai rafi a bayan dandalin, da wata 'yar gada ta katako. Tun Inna na goye, Litinin ce ranar hutun wasa, ko kare ba ka gani a wurin. To amma a shekarar 'yan kallo sun ragu, sai manajan dandalin ya ba wa marubuta waƙoƙin kantiri yammacin Litinin. Mutum huɗu su jera kujeru, kowa da jitarsa, kowa ya ba da labarin yadda ya rubuta waƙarsa sannan ya rera. Mun san da haka sarai. Inna ma ba ta fashin zuwa. Amma a tunaninmu sai da yamma suke zuwa, tsakar rana kuwa tamu ce kamar kullum.

Muka zauna a kan dutse, ta sa na cire takalmi na tsoma ƙafa a ruwa. Ta rera sau huɗu. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ni da na san ta da ƙunƙuni. Waƙar gajera ce, tana hawa kaɗan sai ta sauko ta tsaya a inda ba ka zata ba. A na huɗun na bi ta, tana matsa min gwiwa duk inda na karkace. Muna gamawa sai muka ji motsi a ƙarƙashin gada. Wani dogon Bature ya fito da sandar kamun kifi, wando jiƙe har gwiwa, hula a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska.

Lonnie Tackett ke nan, ɗaya daga cikin marubutan. Zan faɗi gaskiya a kansa ko da ba na so: mutumin kirki ne. Da mugu ne da na fi samun barci.

"Mama, ranki ya daɗe, ki yafe ni, ban yi niyyar laɓe ba," ya ce. "Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kalmomin ban gane ko ɗaya ba, amma karin ya shige ni. Za ki yarda in ɗora masa 'yan kalmomi?"

Inna ta sunkuyar da kai ta kalli ruwa. Ba ta ce uffan ba.

Duk ɗan da aka haifa a duwatsun nan ya san wannan shirun. Mu ba ma ce wa mutum a'a a fuskarsa, cin mutunci ne. Ka kau da ido, ka yi shiru, shi kuma ya gane ya canza zance, kowa ya tashi da mutuncinsa. A inda Lonnie ya fito kuwa, wanda bai ce a'a ba ya yarda ke nan. Ya jira kaɗan, ya yi murmushi, ya ce, "Na gode, Mama. Allah ya saka." Ya tafi yana bin karin a maƙogwaro, ba kuskure ko ɗaya. Kunnensa ya fi nawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Muka koma gida ni da Inna. Washegari da safe ta miƙo min burodin wake guda shida, naɗe a ganyen masara, da zafinsu.

"Ki kai masa. Ki gaya masa."

"In gaya masa me?"

"Kin sani. Kuma ki ba shi wannan, baƙo ne, ga shi kamar sanda."

Haka ake yi a wurinmu. Abin da ba za ka faɗa wa mutum ido da ido ba, sai ka aiki wani, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Aikina ke nan, kalma ɗaya tak. Na same shi a barandar masaukinsa da jita a cinya. Ya tashi ya ba ni kujera, ya karɓi burodin da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ni ma 'yar gidan ce, a'ar nan ba ta fita a bakina.

Na ce, "Inna ta ce a gaishe ka. Waƙar nan tsohuwa ce, ta gida ce. Ba a cika rera ta a waje ba."

"Na ji haka a jikina," ya ce. "Wa ake rera wa?"

"Masu tafiya. Waɗanda za su yi nisa."

"Kai! Waƙar bankwana ce ashe. Ki ce mata zan riƙe ta da daraja."

"Ita dai ba ta son a yi ta yawo da ita."

"Haba, ai ba zan bari a wulaƙanta ta ba. Ki kwantar mata da hankali."

A ganina na faɗa har sau biyu. A ganinsa tsohuwa ta aiko masa da abinci da albarka. Na isa mota, makulli a hannu, na san sarai bai gane ba. Na tsaya ina kallon barandar, taku ashirin ne tsakanina da shi. Na shiga mota na tafi. Da Inna ta ɗago ido ta dube ni, na ce, "Na gaya masa." Wannan ƙaryar tawa ce, ba ta Lonnie ba, kuma ita nake taunawa har yau.

Bayan mako uku ya aiko mana da tikiti biyu na layin gaba. Inna ta ɗauka ban haƙuri ne. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ce in gyara mata gashi. Wurin ya cika, mutum wajen ɗari tara, rana ba ta gama faɗuwa ba. Na farko ya yi waƙar matarsa da ta gudu, Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na biyu ya yi ta tsohuwar motar ubansa. Da aka zo kan Lonnie sai ya gyara zama ya ce yau zai rera wadda bai taɓa rerawa ba, kyauta ce aka ba shi a bakin rafin da ke bayan nan. Ya ba da labarin kifin da bai kama ba, mutane suka yi dariya. Ya ba da labarin burodin wake. Sannan ya taɓa jita.

Kalmomin na wata budurwa ne da ke raka saurayinta tashar mota. Karin kuwa shi ne, da hawansa da saukarsa da inda yake tsayawa. Inna ta kama wuyan hannuna ta matse har na ji ƙashi. Na waiga, wayoyi ne sama ko'ina, kowa na ɗauka. A amshi na biyu har sun fara binsa. Da ya gama ya nuna mu da hannu, aka juyo fitila kanmu, ya ce, "Mama Lula, don Allah tashi su gan ki." Ta tashi. Ba ta iya ƙi ba a gaban mutane. Suka miƙe suna tafi, ita tana kallon ƙasa, wata mata a bayanmu tana cewa dubi tawali'u.

A ranar na iya magana, da ba ta da sauran amfani. Na same shi a bayan dandali na wanke shi tas.

"Waƙar mutuwa ce! Ita za a rera mata ranar da za ta cika, kai ka raba wa mutum ɗari tara! Ta ce a'a!"

"Yaushe? Nelda, yaushe ta ce?"

"A bakin ruwa. Da ta yi shiru."

"To ke da kika zo fa?"

Ya zauna a kan akwatin fitilu ya rufe fuska da hula. Ya rantse ba zai sake rera ta ba, kuma ya cika alkawari. Amma ihu ne bayan hari. Kamfanin da yake wa aiki ke da duk abin da ya rubuta, tun makon farko ya aika musu, sun kuma miƙa wa wani matashin mawaƙi. Ya yi ta buga waya a gabana yana roƙo, suna ce masa ya kwanta ya huta. Ya zo har gida ya durƙusa a baranda, ya ce aƙalla a sa sunanta a jikin waƙar. Inna ta kalli ƙasa. Wannan karon na ce masa, "A'a take nufi." Ta shiga ciki ta zubo masa kofi.

Kafin ganye ya gama zuba waƙar ta shiga rediyo. Na ja ta muka je wurin wani lauya ɗan garinmu. Ya saurara da kyau, ransa ya ɓaci, ya ce za a iya gwadawa, amma sai an nuna tata ce tun asali. Akwai takarda? Babu. Akwai tsohon faifai? Babu. To sai dai ta rera a naɗa, a kai wa alƙali da masana su saurara su gwada da waccan. Inna ta dube shi ta dube ni. Wato don a dawo mata da ita, sai ta ƙara raba ta. Ta ɗauki jakarta ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, muka fito.

Daga nan ta kashe rediyon kicin, ta lulluɓe shi da tsumma. Bai hana komai ba. Tana gidan mai, tana kantin magani, tana bakin yaron da ke yanka ciyawar coci. 'Yata ta cikina ta sa ta a waya, duk wanda ya kira sai ta tashi. Da na ce ta cire ta ce, "Mama, ai waƙar Kaka Lula ce, alfahari nake yi." Na rasa ta inda zan fara.

Da zafi ya dawo, manajan ya ga 'yan kallo na tambayar tsohuwar waƙar nan, sai ya sa a riƙa busa karin da sarewa daidai lokacin da ake korarmu a dandali. Na je na yi masa magana, a fili wannan karon. Ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma an riga an buga a takardar talla, kuma wasan ne ke ciyar da gida sittin. Ba ƙarya ya yi ba, har da nawa gidan. Na ce wa Inna ta bari mana, ta huta. Ta ce, "In bari in zauna in saurari me?" Sai ta sa na ɗinka wa rigar wasanta ƙaramin aljihu daga ciki. Kullum kafin a shiga layi ta ciro auduga ta toshe kunnuwanta. Ba ta jin sarewa, ba ta jin ihun soja, takunta kawai take ƙirgawa. Kwana shida a mako tana faɗuwa a kan waƙar da ta ajiye wa faɗuwarta ta gaske, mutane na tafi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarta. Muna ɓare wake a baranda.

"Inna, babu wata?"

"Nawa kike so a bar mana? Ɗaya ce."

"To ko ta ƙare ɗin? Wataƙila da saura. Kalmomin ai bai ɗauka ba."

"Wa zan tambaya, 'yar nan? Waɗanda suka sani sun tafi."

"Ranar fa? In rera ko kada in rera?"

Ta ci gaba da ɓarar wake. Na daɗe ina kallonta, na kasa gane ko a'a ce ko ita ma ba ta sani ba. A nan na gaya mata gaskiyar abin da ya faru a masaukin Lonnie, da tsayuwar da na yi da makulli a hannu. Ta ce, "Na sani tun ranar. Ni na aiki wadda na raina da irin bakina." Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A watan Fabrairu aka kwantar da ita a asibiti. 'Ya'yanta na hanya, ƙanƙara ta tare su. Da safiyar kwana na uku numfashinta ya canza, na san lokaci ya yi. Na tura ƙofa, na buɗe famfon da ke kusurwar ɗakin don a samu ƙarar ruwa. Na cire takalmi, ban san dalili ba. Na zauna na kama hannunta, na sa bakina kusa da kunnenta na fara, a hankali, da kalmomin da ta koya min. Na ce a raina ko zare ɗaya ne ya rage, nata ne.

Ina cikin na biyu nas ta shigo duba ƙarin ruwa. Yarinyar kirki ce, tamu ce, cocinmu ɗaya da kakarta, ita ce ta kwana biyu tana juya Inna tana shafa mata mai. Ta tsaya, fuskarta ta washe.

"Wayyo, waƙata! Da ita muka yi rawa ranar bikina."

Kafin in ɗaga hannu ta kama, da muryarta mai daɗi, da kalmomin tashar mota, tana gyara wa Inna bargo tana rerawa. Inna ta buɗe ido. Ta dubi yarinyar, ta dube ni. Sannan da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta kau da fuska wajen bango, ta sauke ido ƙasa.

"Kin ga ta natsu," in ji nas, tana raɗa. "Tana jin daɗi. Ci gaba, Anti."

Na san wannan shirun. Ban ci gaba ba. Na tashi na rufe famfo, na dawo na riƙe hannunta, muka zauna haka. Ta cika da tsakar rana, fuskarta na kallon bango.